Wayar da Dona Graciete ta buga

Duk unguwar Alcântara ta Lisbon an san bakin Dona Graciete mai gasa kifi. An fi shekara ashirin da daina ɗaure masu shan ƙwaya a ƙasar, aka koma tura su wajen likita, amma har gobe in aka tayar da zancen sai ta ajiye mafici ta kama ƙugu.

"Likita? Yaro ya lalace a ce masa sannu? Kurkuku ne maganinsu!"

"Haba Dona," in ji Valdemar mai gyaran takalma, "ni fa maganin asibiti ne ya tashe ni. Ga ni da 'ya'ya biyu."

"Kai kuma wa ya sa da kai? Dubi wuyanka kamar na kazar da ta sha ruwan sama."

Baƙi su yi dariya. Mu da muka san labarin ba ma yi.

Ɗanta guda ne, Hélder, kuma tare da Valdemar suka koyi yi wa kansu allurar ƙwaya. Da abin ya ishe ta, ita da kanta ta buga wa 'yan sanda waya, aka kama shi aka ɗaure. Maƙwabta suka ce ta yi namijin ƙoƙari, ita ma ta gaskata cewa bayan katangar kurkuku ƙwaya ba za ta same shi ba. Kowace Lahadi tana kai masa miyar kabeji. Ashe a can allura ɗaya ce ke zagaya ɗaki guda. Ya kwaso cuta, ya rasu saura wata huɗu sabuwar doka ta fara aiki. Valdemar, da uwarsa ba ta kira kowa ba, ya rayu.

Wata rana da la'asar Valdemar ya taya ta ɗauko buhun gawayi. Ba kowa a wurin, sai ya yi ƙarfin hali.

"Dona, don Allah ki daina wannan gardamar. Ke ma kin sani."

Idonta ya kawo ruwa. Baƙin cikin da take dannewa da tsiwa ya fito fili.

"Na sani mana, ɗan nan. Amma in dokar nan daidai ce, to ni na kashe shi. Ka bar ni da gardamata, ita kaɗai ke riƙe da ni."