Baba A-buɗe da Tirelar Cikin Ɗaki

Kafin masu shagunan layin su ɗaga ƙofofinsu, Baba A-buɗe ya riga ya share nasa, ya jera kayan aiki a kan tsohon tawul, ya goge tabarau da gefen riga. Sunan ma aiki ne ya raɗa masa. Ka shigo da kwamfuta kana kumfar baki wai ta mutu sai dai sabuwa, shi dai abin da zai ce, "A buɗe mu gani." Yanzu hannu ya fara rawa, ƙananan notoci na kuɓuce masa, ya ce ƙarshen watan nan zai miƙa wa ƙanensa makullin shago. Shi ya sa na ce bari a faɗi alherin mutumin nan yana ji da kunnensa.

Yawancin masu zuwa wurinsa 'yan gem ne, wato masu wasan kwamfuta, waɗanda sabon wasa ya fi ƙarfin tsohuwar kwamfutarsu, hoto na tafiya yana cijewa. Maganin shi ne a canja katin hoto, wato allon nan mai fanka da ke zana duk abin da ido ke gani. Wani mai gyaran cusa kati zai yi ya sallame ka, ka je gida ta yi ƙauri. Baba kuwa sai ya auna cikin akwatin da zare, ya duba ko na'urar raba wuta za ta iya ciyar da sabon baƙon. Kuma ba ya sakin aiki sai ya buga wasan da kansa a gaban mai kaya. Abin dariyar, wallahi duk layin nan babu wanda ya kai shi rashin iya gem.

Wata rana wata tela ta shigo masa rungume da kwamfuta, idonta ya yi ja. Mahaifinta direban tirela ne, ya tsufa a hanya, hatsari ya kashe masa ƙafafu. Tun da aka sallamo shi daga asibiti ya juya fuska bango, abinci sai an yi da gaske, magana daga "to" sai "a'a". Ta ji akwai wasan tuƙin tirela, har ta sayo sitiyarinsa, amma kwamfutar gidan ta ƙi ja.

"Baba, tsoro nake ji," in ji ta. "Ƙafa dai ta tafi, mun haƙura. Amma yanzu shi kansa ne yake tafiya muna kallo."

"A buɗe mu gani, 'yata."

Aikin bai zo da sauƙi ba. Sabon katin ya fi cikin akwatin tsawo, sai da Baba ya sa zarto ya yanke wani ƙarfe, ya goge bakinsa kada ya yanki waya. Ya canja na'urar wuta. Can kuma ya tsaya yana kallon totur da birkin da suka zo tare da sitiyarin, waɗanda ake takawa da ƙafa, ya tambayi kansa: da wace ƙafar? Nan ya zauna ya mai da su kan 'yan maɓallan bayan sitiyari, inda yatsa ke kaiwa. Sannan ya rufe shago da rana tsaka, ya bi ta har gida.

Direban yana kwance, bai ko juyo ba.

"Malam, ku daina wahalar da kanku. Ni ba yaro ba ne."

"Ai ba don kai ba ne, Direba," in ji Baba. "Aikina zan gwada in kama gabana."

Ya ɗaure sitiyari a tebur, ya kunna. Hoto ya fito tar, injin tirela ya ɗauka, ɗakin ya cika da rugugi. Telar ta ce ta ga kafaɗar babanta ta motsa. Baba ya sa giya, ya kwashi turken fitila. Ya ce bari ya yi ribas, tirelar ta naɗe, gindinta ya daki shinge. Ya sake, ya sake daka.

"Subhanallahi!" Direban ne, ya juyo gaba ɗaya. "Haka ake ribas? Dubi madubi mana, bawan Allah!"

"Wane madubin?"

"Kai! Ku tayar da ni. Miƙo sitiyarin nan kafin ka kashe mutane!"

Suka tallafe shi ya zauna. Hannuwan nan da suka yi wata da watanni a kwance suka kama sitiyari, ya shigar da tirelar wurinta sumul, bai goga ko'ina ba. Sannan ya ce, "'Yar nan, akwai sauran abinci?" Fita ta yi tsakar gida ta yi kukanta ta ƙoshi.

An sha tambayar Baba ko da gangan ya yi ɓarnar nan. Rantsuwa yake yi iyakar ƙoƙarinsa ke nan, mu kuma da muka san tuƙinsa mun yarda.

Baba, kai ne ba ka taɓa cewa abu ya mutu ba sai ka buɗe ka gani. Kai ne ka tuna da ƙafafun mutumin da ba ka taɓa haɗuwa da shi ba. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya sa ka huta lafiya. Ku kuma masu gyara da ke tasowa, kafin ku tambayi wane kati za a sa, ku tambayi wa zai zauna gaban allon.

Jiya aka turo Direban a kekensa na guragu har ƙofar shago, ya yi ƙiba, bakinsa bai yi shiru ba. Ya riƙe hannun Baba da hannu biyu ya yi ta addu'a. Da za a juya da shi ya waiwayo ya ce, "Amma Malam, don girman Allah, ko ka yi ritaya kada ka ce za ka koyi mota."