Aruna Mai Sanin Ruwan Zakira

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Alhamis, ashirin da huɗu ga Nuwamba, 2022, gab da azahar, Allah ya karɓi ran Aruna Gariba, mutumin Zangon Ada ta ƙasar Gana, mai gadi a wani kanti da ke unguwar Old Airport a Doha. Ruwa ne ya ci shi a mashigar teku ta Zakira, arewa da Doha. Ni Garzali, direba, ɗan Kano, ina tsaye a gaɓa abin ya faru. An ce in rubuta ta'aziyya mai sanyaya zuciya. Na gwada, na kasa. Zuciyar da za ta sanyaya ta wani sai ta kasance ita kanta a sanyaye, tawa kuwa tafasa take yi.

Yaya Aruna, a shekarar korona na san ka. Kamfani ya ajiye motocinmu, muka zauna a ɗaki a unguwar Muntaza muna cin shinkafa gaya, muna kallon juna. Da aka ɗan sassauta dokar fita sai ga ka da bokiti cike da kifi, takunkumi a fuska, ka dire a ƙofarmu. Muka tambaye ka nawa ne. Ka ce da Hausarka ta Zango, wadda ba ta raba mace da namiji, "Matana ya ce duk wanda ya sayar wa mai yunwa kifi, kada ya dawo gida." Muka yi dariya, dariyar farko da na yi a wannan wata.

Mako na zagayowa ka ɗauke mu zuwa Zakira, ni da Muttaka, abokin ɗakina. Ni ban taɓa sa ƙafa a ruwan gishiri ba. Kai kuwa a inda kogin Volta ke shiga teku aka haife ka, ka ce wannan ɗan lungu na Katar ƙanen wancan ne, halinsu ɗaya. Ka nuna mana itatuwan nan da ke tsirowa cikin ruwa, ka ce a gindinsu abinci yake. Kafin a jefa ƙugiya sai an nemo abin da za a maƙala mata, kuma mai rai, domin babban kifi ba ya kula gawa. Idan ruwa ya janye, sai mu bi ƙananan kududdufai da koma, wato 'yar ragar kamu, muna kwasar jatan lande. Ka hana mu taka taɓo da ƙarfi, ka ce suna jin sawu tun daga nesa. Ka hana mu tsaya inda inuwarmu za ta faɗa kan ruwan. Ƙananan kifi kuma da birgi, ragar jifa, kake kama su, jifa ɗaya ya buɗe kamar faifai. Bokitinka ka huhhuda shi, ka ɗaure da igiya ka bar shi cikin ruwa don abin da ke ciki ya ci gaba da numfashi. Ka kama hannuna ka nuna mini yadda ake soka ƙugiya ta wutsiyar jatan lande ba tare da an kashe shi ba. Na kashe da yawa kafin in iya, ba ka taɓa yi mini tsawa ba.

Wurin kamu ma ba ka ɓoye mana ba, alhali masunta ba sa faɗin wurinsu. Ka ce mu nemi inda ruwa ya yi duhu kusa da mai haske, nan ne rami. Mu nemi bakin ƙaramar kwata inda take zuba a babba, nan manya ke kwanto suna jiran abin da ruwa zai kawo musu. Mu kalli inda fararen tsuntsaye suka taru. Sannan ka nuna mana wani tudun yashi a tsakiyar mashigar, wanda ake takawa a je idan ruwa ya janye. Ka ce babu wurin da ya kai shi kifi, babu kuma wurin da ya kai shi mugunta. Ruwa ba ta gabanka yake dawowa ba, ta baya yake zagayowa ya cika kwatar da ka ƙetare, kana can hankalinka na kan ƙugiya. Ka ce musamman a sabon wata da tsakiyarsa, kada kowa ya kuskura ya daɗe a can. Muttaka yana tsaye kusa da ni ka faɗi wannan. Da kunnensa ya ji. Da bakinsa ya ce, "To, Yaya."

Kifin da muka riƙa kamawa a wurin shi ya riƙe ɗakuna da dama har aiki ya dawo. Ba ka tambayi wane ɗan Nijeriya ne, wane ɗan Gana ba. Har wani ɗan Nepal mai shara a layinku yana da rabonsa duk Juma'a.

Sai ƙwallon duniya ta zo, gari ya cika da baƙi. Muttaka ya ga hanyar samu. Ya fara kwasar 'yan kallo a motarsa yana kai su Zakira, wai yawon ganin ruwa da kamun kifi. Ka same shi ka ce ya nemi halalinsa, ba ka hana shi ba, amma kada ya kai kowa kan tudun nan, in kuwa ya kai to ya tsaya tare da su. Ya ce maka, "Khalas, shi ke nan, Yaya, na ji."

Ranar Alhamis ɗin nan Gana za ta buga wasanta na farko da daddare. Ka yi musanyar aiki da wani don ka samu hutu, ka ce za ka gasa wa 'yan Zango kifi su ci suna kallo. Muka fita da sassafe. Mun gama kama jatan lande, mun koma bakin kwata, sai ka miƙe ka sa hannu a goshi. Mutum uku ne a kan tudun, mace ɗaya da maza biyu, suna ɗaukar hoto. Babu Muttaka. Ya ƙetarar da su ya koma gari ɗauko wasu. Wata kuwa sabo ne, ruwa ya riga ya zagayo ta bayansu.

Ka yi ihu, ba su ji Hausa ba, Turancinka kuma iska ta kwashe. Ka ce mini, "Ɗan Kano, kira 'yan sanda, kada ka shigo, ba ka iya ba." Ka shiga. Ka fito da macen ruwa iya ƙirji. Ka koma ka fito da na biyu ruwa iya wuya. Na roƙe ka ka jira jirgin ceto, ka ce ruwa ba zai jira ba. Na ukun mutum ne mai jiki, tsoro ya kama shi, ya shaƙe ka a wuya tsakiyar kwata. Na ga kun nutse, na ga kun taso, na ga ka tura shi ya kama saiwar itace. Kai ban sake ganinka ba sai bayan la'asar, da masu ceto suka fito da kai.

Baƙin nan ban riƙe su a zuciya ba. Ba su san ruwan ba, kuma sun zauna a taɓo suna kuka kamar uwa ɗaya ta haife ku. Fushina na gida ne. A wurin zaman makoki wasu manyanmu 'yan Nijeriya suka ja ni gefe. Suka ce, "Malam Garzali, kwana ne ya ƙare. Muttaka namu ne, yana da iyali. In ka faɗi komai kafil ɗinsa, ubangidan da ya kawo shi ƙasar nan, zai sallame shi, a mayar da shi gida. A rufa asiri." Na tambaye su, Aruna na waye? Shi ba shi da iyali? Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi, amma ban yarda a mai da ita bargon rufe ganganci ba. Wanda aka gaya wa, aka sake gaya wa, ya bar bayin Allah a bakin halaka don kwaɗayin ƙarin fasinja, ba zai ɓuya a bayan kwana ya ƙare ba. Abin da idona ya gani shi na faɗa wa hukuma, ban ƙara ba, ban rage ba. Wasu sun daina amsa sallamata. Su riƙe abarsu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne labarin da aka aika Ada. An kira matarka Mufeeda aka ce mata santsi ne ya kwashe ka kana kamun kifi. Sun ɗauke maka rai bai ishe su ba, sai sun haɗa da sunanka, su mai da kai sakarai wanda bai san inda zai sa ƙafa ba. Muttaka kuwa har yau bai ɗaga waya ya ce mata ta yafe masa ba.

Yaya Mufeeda, ki ji daga bakin wanda ya gani. Mijinki bai zame ba. Da idonsa a buɗe ya shiga ruwan da ya san zai iya cin sa, saboda mutanen da ko sunansu bai sani ba, kuma dukansu sun koma gidajensu da rai. Ki gaya wa 'ya'yanku Haulat da Sana haka, su gaya wa 'ya'yansu.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ki, da yaran, da mahaifiyarsa Hajiya Fausatu, da jama'ar Zangon Ada, da 'yan'uwanmu na Gana da ke Doha waɗanda suka cika makabarta ranar da muka kai shi. Ya Allah Ka jiƙan Aruna, Ka karɓe shi cikin shahidai kamar yadda aka yi wa wanda ruwa ya ci albishir. Ka yalwata kabarinsa, Ka ciyar da marayunsa kamar yadda ya ciyar da mu. Ka ba iyalinsa haƙuri. Ni ma Ka ba ni, ya Ubangiji, don har yanzu ban same shi ba.