Mutumin da Bai Taɓa Ɗaure Fis da Waya Ba

Kafin masu shaguna su gama ɗage ƙofofinsu, Baba Sai-Na-Gani ya riga ya share gaban rumfarsa ya yayyafa ruwa. Rumfar ba ta fi taku huɗu ba, a matse take tsakanin mai facin taya da mai sayar da man inji. Benci ɗaya ne a ciki, da akwatin ƙarfe mai filaya da sukudireba uku, sai wani ƙwan fitila da ya jona wa wayoyi biyu, wanda da shi yake gano inda wuta take da inda ta ɓace. Yana zama ya goge tabarau da gefen riga, ya jira babur na farko. Shekara talatin da huɗu ke nan yana gyaran wayarin babura a wurin nan, kuma ƙarshen watan nan zai rufe. Shi ya sa na ce a faɗi alherinsa yanzu da kunnensa ke ji, tunda mu ba mu iya yabon mutum ba sai mun dawo daga binne shi.

Masu haya da babur ne suka laƙaba masa sunan. Duk wanda ya turo masa babur yana rantsuwa cewa batir ne, ko makulli ne, amsa ɗaya yake samu: sai na gani. Kuma abin da aka fi saninsa da shi shi ne taurin kai a kan fis. Fis ɗan abu ne da bai kai ɗan yatsa ba, an yi shi don ya ƙone a madadin babur idan wuta ta bi inda bai kamata ba. Makanikai da yawa, in ya ƙone sau biyu, sai su cusa takardar sigari mai ƙyalli a gurbinsa ko su ɗaure da waya, mai babur ya tafi yana ta godiya. Ha'inci ne wannan, kuma mai yinsa ya sani. Mai faci, wanda ya ga duk zaman Baba a wurin, ya ce an roƙe shi, an zage shi, wani har ya yi fushi ya tura babur ɗinsa ya tafi, amma bai taɓa ganin ya yi ba.

A watan jiya aka gwada shi da mai ƙanƙara. Wannan bawan Allah 'ya'yansa shida, kuma babur ɗinsa ya girmi babban ɗansa. Kullum da safe yana ɗora manyan ƙanƙara huɗu daga inda ake yinta, ya kai wa wata mai sayar da kifi a can ƙarshen gari, aikin da gidansa ke ci da shi ke nan. Mako uku babur yana mutuwa a hanya. Fis ya ƙone, inji ya ɗauke, ƙanƙara tana ɗiga a rana. Sau biyu kifin matar nan yana lalacewa, sai ta gaya masa ba ɓoye-ɓoye: in gobe ma ƙanƙara ta makara, ɗan yayarta mai keke mai ƙafa uku zai karɓi aikin.

Ya riga ya je wurin makanikai uku. Na farko ya sa sabon fis, na biyu ya sa wanda ya fi girma, na uku ya canza batir. A gaban kowannensu babur lafiya lau yake tashi, kamar yana yi wa mai shi ƙarya. Da tsakar rana ya iso rumfar Baba, wandonsa a jiƙe, buhunan rufe ƙanƙara a rataye ba komai a ciki.

"Baba, don girman Allah ka ɗaure min shi da waya. Gobe kaɗai nake so in tsallake."

"In na ɗaure, gobe fis ba zai ƙone ba, wayarin ne zai kama da wuta. Tankin mai kuwa tsakanin cinyoyinka yake, ɗana. Zauna."

Ya sa fis daidai girmansa ya tada inji. Fitila ta kama, oda ta yi ƙara, sigina tana ƙiftawa. Ya juya kan babur hagu da dama, ya girgiza wayoyin da ke ƙarƙashin tanki, ya buɗe bayan fitila ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Awa guda cur fis bai ko yi ɗumi ba. Nan fa hankalin Baba ya fara tashi, ko da yake bai nuna ba. Ya san idanunsa sun fara gazawa, yana ta tunanin ko laifin yana gabansa ne shi ne ba ya gani. Mai ƙanƙara kuwa ya zuba masa ido daga benci, ya haɗa tagumi.

Sai Baba ya ajiye sukudireba ya koma tambaya. Ya tambaye shi ko a tafiya babur ke mutuwa ko a dawowa, ya ce kullum a tafiya. Ya tambaye shi a wane wuri, ya ce yawanci wajen tudun rage gudu na gaban makaranta, ko inda titi ya farfashe. Baba ya ce to, in ka tura shi wurin makaniki, ina ƙanƙarar take? Ya ce ai kafin nan rabi ta narke, sauran ya sauke wa masu lemo a bakin hanya. Baba ya cire tabarau ya yi dariya har da tari. Ya ce ashe mu huɗu duk babur mai lafiya muke dubawa, mara lafiyar shi ne mai kaya a baya.

Ya zare fis ya jona ƙwan gwajinsa a gurbin. Ya bayyana wa mai ƙanƙara cewa ƙwan zai riƙa ci dishi-dishi, amma duk lokacin da waya ta taɓa ƙarfe zai haska tar, kuma ba abin da zai ƙone. Saura kaya. Ya waiwaya ya hango mai faci, ƙaton mutum mai tumbi, yana cin abincin rana a kan tsohuwar taya.

"Ƙanƙarar taka ta kai nauyin wancan?"

Mai ƙanƙara ya dubi mai faci da ladabi ya ce tasa huɗu ce, wannan kuwa Allah ne masani, amma zai yi biyar. Mai faci ya ce shekara talatin Baba yana kiransa buhu, yau ga shi ana neman buhu ido rufe. Ya ƙi ajiye kwanonsa, da shi ya hau bayan babur. Hasken ƙwan bai canza ba. Baba ya ce ya ɗaga ya faɗo kamar an hau tudu. Ya ɗaga, ya faɗo, ƙwan ya haska tar. Ya sake, ya sake haskawa. Mai man inji da masu haya biyu suka taso suna ƙirga masa, shi kuwa yana tsalle yana kare miyarsa da hannu.

Baba ya durƙusa ya zura hannu ƙarƙashin ƙarfen ɗaukar kaya. Yatsunsa ne suka gano abin kafin idonsa. Lokacin da wani mai walda ya ƙara wa ƙarfen ƙarfi, wayar fitilar baya ta shige tsakaninsa da jikin babur, robarta ta cinye wuri kamar ƙwayar shinkafa. In babu kaya, ba ta taɓa komai. In an ɗora nauyi aka hau tudu, sai ƙarfe ya cije ta. Ya yanke wurin ya haɗa, ya naɗe, ya zura ta cikin bututun roba ya canza mata hanya. Mai faci ya yi tsalle goma, ƙwan bai ƙara haskawa ba. Da ƙyar aka sauko da shi, yana cewa shi yanzu ma'aikacin rumfar ne, a riƙa gaishe shi.

Washegari da hantsi aka ji oda tun daga kwana. Mai ƙanƙara ya tsaya, bakinsa har kunne. Ya ce matar ta dubi ƙanƙara, ta dubi agogo, ba ta ce masa sannu ba, sai cewa ta yi daga mako mai zuwa shida take so. Mai faci ya ɗaga kai daga tayar da yake bugawa ya ce kada kowa ya dube shi, shi iyakarsa biyar.

Ba wanda ya kori Baba daga sana'a. Shi da kansa ya gaya wa babbar 'yarsa cewa ya fara kasa bambance jar waya da mai ruwan ƙasa, kuma wanda ya kai haka bai kamata ya taɓa babur ɗin da wani zai hau ba. Nawa ne a cikinmu za su iya faɗin wannan a kan kansu?

Baba, kai ne ka ƙi ba mutum abin da ya roƙa, ka ba shi abin da yake bukata. Kai ne ka yarda a kira ka mai jinkiri da mai taurin kai, ba ka yarda wani ya ƙone a hanya da aikin hannunka ba. Mai haƙurin bin waya, mun gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya ƙara wa idanunka haske, ya sa 'ya'yanka su riƙe ka kamar yadda ka riƙe amanar mutane.

Ku kuma masu sana'a, makaniki ne kai ko malami ko mai duba marasa lafiya, ku daina toshe ƙorafi don a bar gabanku. Ku zauna ku tambayi mutum yadda abin ke faruwa, ku nemi tushensa ko da zai ci muku yini. Wanda bai iya ba ya ce bai iya ba. Sauran kwana goma sha ɗaya a rufe rumfar nan, mai son ya koya ya je ya zauna a bencin tun akwai mai koyarwa.