Ajinmu Ba Hanci

Daga wata ruga kusa da garin Babban Mutum aka kawo ni Daura, gidan goggona, don in yi firamare. Goggo nono take sayarwa. Ni ke wanke ƙwarya kafin in tafi makaranta, don haka duk inda na bi tsamin nono yana biye da ni. Ni dai ban taɓa jin sa ba, tunda a cikinsa na tashi.

'Yan ajinmu ne suka ji. Wata doguwa ce ta fara, 'yar mai shagon atamfa: ina shiga sai ta matse hanci da yatsu biyu. Kan ka ce kwabo aji duka sun koya. Ba wanda ya doke ni, ba wanda ya zage ni, balle in kai ƙara. In je in ce wa malam me? An riƙe hanci? Abin haushi, da yamma su ɗin dai ake aikowa gidanmu da kwano sayen nonon.

Na yi ta dirzar jikina da soso har fatata ta yi furu-furu. Na daina ɗaga hannu a aji don kada iska ta kwashi warin. Na tsani Goggo, baiwar Allah, ita ko ba ta san laifinta ba.

Wata rana malamin zane ya ce kowa ya zana ajinmu. Na jera benci, na jera kawuna, kowa da ido da baki da kunne. Da ya zo kaina ya daɗe yana kallon takardar.

"Ke, ina hancinsu?" ya ce.

"Malam, ban taɓa gani ba."

Wallahi ba baƙar magana na yi ba, iyakar gaskiyata ke nan. Ya waiga, ya ga hannaye suna sauka daga fuska cikin sauri. Ranar dai malamin zane ya nuna musu ɗaya zanen, na bulala. Daga nan suka bari, na ɗauka magana ta ƙare. Ashe an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Yanzu Goggo ta rasu, rabona da ƙwaryar nono har na manta. Ɗakina cike yake da humra da turaren wuta, har maigida yana tsokanata wai in buɗe shago. Bara ƙaramar 'yata ta dawo daga makaranta da takarda, an sa su zana iyayensu. Ga babanta a kan babur. Ni kuma ga ni a bakin ƙofa, fuskata cuse cikin mayafi.

Na ce, "Me ya sa kika rufe min fuska? Kuka nake yi?"

"A'a, Umma, shinshinawa kike. Ai haka kike yi kullum kafin ki fita."

Na karɓi takardar na duba da kyau. Ni ma ba ta yi min hanci ba.