Tauraron da Farfesa Tessmer Ya Goge da Hannunsa

Ranar Talata, huɗu ga Fabrairu, 'yarka Gudrun ta bugo mini waya da hantsi ta ce ka cika, kana da shekara casa'in da ɗaya. Na ajiye wayar, na rasa abin yi, sai na sa kwat na hau tudu zuwa gidan duban taurarin da ka shugabanta shekara talatin.

Farfesa Reinhold Tessmer, jaridu za su lissafa littattafanka da ɗalibanka. Ni Irmgard Pohl, mai ajiyar farantan gilashin da ake ɗaukar hoton sama a kansu, abu ɗaya zan faɗa.

Kana saurayi ka ga wani ɗigo a faranti, tauraron da ya haska sau ɗaya bai sake ba. Aka sa masa sunanka, kuma shi ya kai ka kujerar darakta. Bayan shekara ashirin da biyar, ana shirin ba ka lambar girma a kansa, ina goge farantin nan na karkata shi wajen taga. Nan take na gane. Ɗigon nan kumfa ce da ta maƙale a fatar gilashin tun daga masana'anta.

Kwana tara ina ta saƙa da warwara. Ga ka da zafin rai, ga ni ba ni da wani aikin da na iya. A rana ta goma, lokacin shan kofi da ƙarfe huɗu, na ajiye farantin kusa da kek ɗinka. Ka ɗauki madubin ƙara girma ka duba har kofin ya huce.

"Tun yaushe kika sani?"

"Kwana tara, Darakta."

"Haba Madam Pohl! Kwana tara ina yawo da tauraron da babu shi? Ai ko wandon mutum ne ya yage, akan ja shi gefe a gaya masa."

Don tausayinka na ce, "Gilashi ne, yana iya suɓucewa daga hannu."

Ka ce, "In ya fashe, ni da ke ba mu da sauran aiki a gidan nan. Riƙe shi da kyau."

Ranar bikin, zaure cike da manyan masana, ka haska farantin a bango, ka nuna kumfar da sanda, ka kira sunana na miƙe. Ka mayar da lambar cikin akwatinta. Wasu suka yi maka dariya, wasu abokai suka ja baya, kuma na san abin ya ci ka, don wata guda ba ka taɓa kek ba. Har yau in na tuna tsayuwarka a gaban bangon nan, tsigar jikina sai ta tashi.

Farantin yana nan rataye a bakin ƙofa inda ka sa shi, duk sabon ɗalibi sai ya wuce ta gabansa. A can na tsaya ranar Talata na yi kukana.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Gudrun, da ƙanenta Volker, da jikokinka biyar. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Kai kuma Darakta, Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka kamar yadda ba ka ɓoye su ba, Ya nuna maka hasken da babu mai sake dubawa ya ce kumfa ce.