Masu Jinyar Ɗana a Hull

A ƙofar makarantar 'yan mata nake, cikin motar kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a takardar zama a nan Jidda, ina jiran a tashi jikokinsa, sai waya ta shigo. Lambar Ingila ce, amma ba ta ɗana ba. Wani abokin karatunsa ne, Basudane, ya yi mini magana da Larabci a tsanake, irin tsanakin da ke gaya wa mutum ba lafiya ba. Ya ce ɗana ya ji ciwo a wuya a filin wasa, yana asibiti, yana magana, amma hannu da ƙafa ba sa motsi. Na ce wane irin wasa ne ke karya wuya? Ya ce ragbi. Na ce mene ne kuma haka?

Ni dai na san yaron nan da ƙwallo. Tun yana ƙarami ba takalmin da bai yaga ba a lungunmu na Madain Fahd. Da ya samu tallafin karatun injiniya ya tafi wani gari wai shi Hull, ya ce mini, "Baba, na shiga kulob," na ce madalla, a raina ƙwallon ƙafa ce. Ashe wadda mutanenmu na Najeriya ke ce wa zari-ruga ce. Da na sauke yaran a gida na nemo wasan a waya na kalla. Innalillahi! Ƙarti majiya ƙarfi suna gudu suna karo da juna, ɗaya ya faɗi sauran su danne shi, ƙwallon ma kamar gwanda. Na ce wannan ai faɗa ne aka sa wa alƙali.

A Jidda aka haife ni, a Jidda aka haifi mahaifina. Kakana ne ya zo hajji a ƙafa bai koma ba, ya ƙare rayuwarsa yana dakon kayan alhazai a tashar jirgin ruwa. Fasfona na Najeriya ne, amma sau ɗaya na taɓa taka ƙasar, zazzaɓi ya koro ni. Matata ta rasu, a nan aka binne ta. Yaron nan shi kaɗai gare ni, kuma ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba, ban taɓa rungumarsa ba tun da ya yi wayo. Haka muka taso muka ga ana yi.

Bizar Ingila ina da ita, na riga na samu don bikin gama karatunsa. Abin da ya rage izinin fita da dawowa, kuma direban gida ba ya samunsa sai kafilinsa ya sa hannu. Na samu kafilina bayan la'asar a falo. Dattijo ne, ba mugu ba ne, wallahi ba zan yi masa ƙarya ba. Ya jajanta mini, ya yi addu'a, sannan ya ce matarsa fa? Ni ke kai ta wankin ƙoda, ni na san yadda ake ɗaga ta daga mota. Jikoki kuma suna tsakiyar zango.

"Ya ammi," na ce, "ɗana ne."

"Na sani. Ka yi haƙuri a yi hutu. In kuwa ba za ka iya jira ba, sai dai in ba ka khuruj niha'i, in kawo wani a gurbinka. Gidan nan ba ya zama babu direba."

Khuruj niha'i shi ne fita ba dawowa. Iƙamarka, wato takardar zamanka a ƙasar, ta mutu ke nan. Mai furfura irina, wa zai sake aiko masa da bizar aiki? Na fito na zauna a mota ban kunna ta ba, gumi yana zuba, na rasa wanda zan zaga.

Washegari Basudanen nan ya kira ni ta bidiyo daga asibiti. Na ga ɗana kwance, an ɗaure masa wuya da wani abu mai tauri, idanunsa ne kawai ke yawo. Kafin in ce uffan sai na hango wasu tsofaffin Turawa a gefen gado, jibga-jibga, ɗaya hancinsa a karkace, ɗaya kunnuwansa duk sun cukurkuɗe. Nan take jinina ya hau. A nan Jidda, in wani ya ji wa ɗanka ciwo, manyan gidansu ne ke zuwa asibiti su zauna, su yi ta sanyin murya har ka sa hannu a tanazul, ka ce ka yafe, a saki nasu. Na sha kai mutane irin wannan zaman.

Na ce wa Basudanen, "Gaya musu ba na yafewa! Ko jinin bai bushe ba har sun zo? Su tashi su ba ni wuri, yalla, kar su kuskura su sa shi ya yarda da komai!"

Ina ta zazzaga masifa da Larabci da Hausa, har wani mai wucewa ya leƙo motar. Tsofaffin suna kallon wayar sun kasa gane komai, mai karkataccen hancin har ɗaga mini hannu ya yi.

Ɗana ne ya ce, da wata murya siririya, "Abuya, khalas, ya isa haka. Ba tanazul a nan. Mutanen kulob ɗinmu ne."

Ya yi mini bayani yana hutawa, rabi Larabci rabi Hausarsa ta 'yan Jidda da ba ta gama nuna ba. Tsofaffin 'yan wasan kulob ɗin ne. A wurinsu, in ɗan wasa ya kwanta ba a barinsa shi kaɗai. Sun raba ranaku a tsakaninsu, kowa da tasa. Wanda suka yi karo da shi ma yana zuwa, ya tsaya a bakin ƙofa yana kuka, ba kuma wanda ya ce masa komai.

Kunya ta kama ni, bayanta kuma wani abu da ya fi kunya ciwo. Mu a wurinmu marar lafiya ba ya kwana ba majinyaci, kuma majinyaci jininka ne. Ga ni da raina da lafiyata ina kai mutane kanti, tsofaffin wani gari suna jinyar ɗana.

Daga nan kullum sai mun yi waya, ni ina fakin a wani wuri, a ƙofar asibitin ƙoda ko a inuwar wani bango a Waziriyya. Mai karkataccen hancin ya fi kowa zuwa, kuma Allah ya yi shi da surutu. Shi ya ba ni tarihin garinsu, ɗana yana fassarawa, ni kuwa ina barinsa ya yi ta zuba don in ji muryar yaron tana aiki.

Ya ce garinsu garin ruwa ne kamar namu. Wani kogi ya raba shi biyu. Mutanen yamma masunta ne, suna shiga manyan jirage su tafi can arewa inda ruwa ke daskarewa a jikin igiya, wasu jiragen ba sa dawowa, unguwa guda ta wayi gari da zawarawa. Mutanen gabas kuma 'yan dakon tasha ne da ma'aikatan masana'antu. Kowane ɓangare da babban kulob ɗinsa da kalar rigarsa, har akwai gidajen da ba a shiga da kalar ɗaya ɓangaren. Na ce to wannan ai sai a Jidda ranar da manyan kulob biyu suka haɗu. Ya yi dariya har da tari.

Ya ce asalin wasan na 'ya'yan masu hali ne, waɗanda ba su damu da ladan yini ba. Leburorin arewacin ƙasar kuwa in sun bar aiki sun je wasa, gida ba abinci. Suka ce a riƙa biyansu ladan yinin da suka rasa, manya suka ce a'a, wasa ba sana'a ba ne. Sai suka ɓalle suka kafa nasu, da dokokinsu. Shi ya sa, in ji shi, nasu wasan na masu aikin ƙarfi ne, kuma mai aikin ƙarfi ya san in ya faɗi ba mai ɗaga shi sai na kusa da shi. Kamun kifin ya mutu, tashar ma inji ya karɓe aikin, shi kansa jirgin da ya yi aiki a ciki an daɗe da yanka shi an sayar da ƙarfen. Wasan ne ya rage musu.

Na gaya masa kakana ɗan dako ne a tasha. Ya dafa ƙirji ya ce to ashe ɗana ɗan gabas ne, shi kuwa ɗan yamma, amma ya yafe masa.

Ina dariya a waya, in na kashe sai in kifa kai a sitiyari. Ba inda ban shiga ba. Na zaga Bab Makka shago-shago ina tambayar 'yan'uwa ko akwai direban da zai riƙe mini aiki. Na samo wani mutumin kirki, kafilina ya ce iƙamar mutumin ba a ƙarƙashinsa take ba, in an tare su a hanya shi za a ci tara. Na je wurin limamin masallacinmu ya roƙa mini, aka ba shi shayi aka ba shi haƙuri. Na sami babban ɗan gidan, ya ce maganar Baba ce. Abinci ya daina wuce mini. Rannan na wuce jar danja da tsohuwar matar kafilina a bayan mota, Allah ne kawai ya tsare.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, na kira, sai na ga ɗana ya ƙi kallon wayar. Na matsa masa. Ya ce tun da ya kwanta da ido yake salla, ba alwala ba taimama, kuma abin yana cin ransa. Basudanen yana aji, ba ya samun zuwa sai jefi-jefi. Tsohon nan mai karkataccen hanci yana wurin, ya tambaya me muke cewa, ɗana ya gaya masa. Ya ce a nuna masa yadda ake yi.

Kashegari sai ga shi da wani dutse mai sulɓi, ya ce a bakin teku ya tsinto, ya wanke shi ya shanya. Ni ina cikin mota a ƙofar wani kanti, ina nuna masa a kan dashbod. Ya kama hannun ɗana da wasu yatsu nasa kamar rogo, ya ɗora a kan dutsen, ya ɗaga ya shafa masa a fuska. Na ce a hankali. Ya sake, a hankali, harshensa a waje kamar mai koyon rubutu. Hannun yaron yana lilo a cikin nasa. Ya gama ya dube ni yana jiran in ce ya yi daidai.

Na ce ya yi. Na kashe wayar na fashe da kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne matata. 'Yar kafilina da na kawo sayayya ta fito da ledojinta ta same ni a haka, ta shiga baya ta zauna har na gama.

Da yamma na shiga falo na ce, "Ya ammi, ka ba ni niha'in."

Ya ce in zauna. Na ce ba zan zauna ba. Ya ce, "Ka san abin da kake faɗa? Ina za ka bayan Ingila? Wa ka sani a Najeriya?" Na ce ban san kowa ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce tayyib, shi ke nan, zai ba ni.

Kayan gidana na raba wa maƙwabta. Na je maƙabarta in yi wa matata sallama, kuma ka san kaburburan nan ba suna ba alama, na tsaya a inda nake zaton nan ne na yi addu'a, in na yi kuskure Allah ya kai mata. Ɗana ban gaya masa ba. Na ce masa kawai an ba ni izini.

Hull sanyi, ga yayyafi ba ya tsayawa. Basudanen ya ɗauko ni daga tashar jirgin ƙasa ya kai ni asibiti. Tsohon yana nan, ya fi yadda nake ganinsa a waya girma. Ya miƙe ya matse mini hannu har sai da ƙashina ya yi ƙara, ya ɗauki hularsa ya fita.

Na tsaya a kan ɗana. Ya rame, gemu ya fito masa. Ya ce in duba hannunsa na dama, na duba, babban yatsan ya ɗan motsa. Na ce alhamdulillahi, na kama yatsan na riƙe.

"Baba," ya ce, "hutun wata nawa ya ba ka?"

Na yi niyyar in ce uku. Amma yaron nan a Jidda aka haife shi, ya san yadda abin yake, kuma idonsa yana cikin nawa.

Na ce, "Niha'i ne."

Ba shi da halin juya kai ya ɓoye fuska. Hawayen suka gangaro ta gefe suna shiga kunnensa. Na sa haɓar rigata na share masa, suka sake zubowa, na sake sharewa, na jawo kujera na zauna.