Dubiyar Mai Tipa

Duk wanda ya taɓa tsayawa cin kifi a bakin titin Bagauda ya san Tasalla. Tana ƙarama ruwan dam ɗin Tiga ya cinye ƙauyensu, iyayenta suka dawo nan, ta tashi a gindin kaskon suyar mahaifiyarta. Da mijinta ya rasu, da kaskon nan ta riƙe 'ya'yanta. Wajen ciniki ba ta da sauƙi ko kaɗan, amma ka gaishe ta da ladabi, shi ke nan, ka gama da ita.

Wata kaka, ana tsakar girbin gero, tipar yashi ta ƙwace wa direba ta yi cikin rumfarta. Tafasasshen mai ya kife mata a hannun dama. Allah ya yi da sauran kwana, sai dai yatsun suka naɗe suka manne da tafin hannu. Likita a Kano ya ce aiki zai iya buɗe su, amma aikin ya fi ƙarfin mai suyar kifi.

Mai tipar, Alhaji Ja'afar, ya je dubiya tun tana asibiti, kuma da ta koma gida bai daina ba. Ana saukowa Juma'a sai ga shi da ledar lemo, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Yaya Tasalla, ya jikin? Ki bari ciwon ya gama kamewa. Aikin hannun nan a wuyana yake."

'Yarta Bushra, da ke aure a Kiru, ba ta yarda da shi ba. Ta ce, "Inna, lemo ba ya buɗe yatsu. Mu kai shi kotu."

"Ke, rufe min baki! Mutumin da ke durƙusa min shi zan maka a kotu? Da wane ido zan dube shi?"

Haka aka yi ta tafiya. Yau tipa ta lalace, gobe kasuwa ba daɗi. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo baya. Zuwan ya koma wata-wata, amma bai yanke ba. Tasalla ta koma suya da hagu, kifi yana ƙonewa, masu saye suka zame zuwa rumfar gaba. Duk da haka, ranar Juma'a sai ta share tsakar gida ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Kai, abin da ban haushi!

Sai wata kakar, ɗif, Alhaji ya ɗauke ƙafa. Hankalinta ya tashi, ta aika a dubo ko lafiya. Aka ce lafiyarsa ƙalau, har ya ƙaro tipa. A nan ne jikinta ya yi sanyi, ta bi Bushra wajen wata lauya a Kano.

Lauyar ta tambayi lokacin hatsarin, aka faɗa mata. Ta tambayi yaushe ya daina zuwa, aka faɗa. Sai ta ajiye biro.

"Mama, doka ta yanka wa'adin shigar da irin wannan ƙara. In ya wuce, alƙali ba zai ma saurari gaskiyarki ba. Naki ya cika a kakar da ya daina zuwa."

Tasalla ta janye mayafi ta miƙa mata hannun. "To ai ga shi nan, 'yata. Ki duba, bai warke ba."

"Na gani, Mama. Wallahi ba abin da zan iya."

Bushra ta yi ta kuka a mota har Bagauda. Uwar kuwa ta kau da kai gefe, don kunyar 'yarta.

Har yau tana bakin titi da ƙaramin kasko. Ran nan motar Alhaji Ja'afar ta zo wucewa, ya sauke gilashi ya ɗaga mata hannu. Kafin Tasalla ta ankara, ta riga ta ɗaga masa naɗaɗɗen hannun nan.